Keken Ɗinkin Marigayi

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai taɓa kwana ukun da na yi ina zarya a Yamai saboda keken ɗinki ba. Shekarar ba mu daɗe da samun 'yancin kai ba, ina da ɗan shagon tela a Yantala. Aiki ya yi mini yawa, kowa na son sabon kaya na bikin ƙasa, sai na je wurin wata tsohuwa Bazabarma, maƙwabciyata, na ari keken mijinta da ya rasu.

"Ɗana, ka riƙe shi da kyau," ta ce. "Shi kaɗai ya bar mini."

Wata safiya sai ga ma'aikacin lampo, wato haraji, da gardi biyu. Ya dubi takardar fatantina, wato harajin sana'a, ya dubi shagon.

"Keke ɗaya ka biya wa, ga biyu ina gani."

"Ranka ya daɗe, ɗayan aro ne."

"Ina shaidar aron?"

Ba ni da ita. Ni a lokacin cinikina duka a ka yake. Gani nake rubutu aikin manyan kantuna ne. Ma'aikacin ya ce ɓoye dukiya na yi. Suka ɗora keken marigayi a amalanke, ya ba ni kwana uku in kawo shaida, in ba haka ba a yi gwanjonsa.

Na ruga gidan tsohuwa, aka ce ta haye kogi zuwa Kirkissoye wurin suna. Ran nan ban zauna ba. Wannan biro, wato ofis, su ce in je wancan, wancan su ce mai sa hannu ya fita. Na rantse, na kawo mai unguwa, duk a banza. Washegari na shiga kwalekwale, don babu gada tukuna, ina ta juya yadda zan faɗa mata. Gida uku na shiga kafin na same ta.

"Inna, na yi miki ɓarna."

Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Mayafinta kawai ta ɗauka ta ce mu koma.

A ɗakinta ta buɗe wani tsohon gwangwanin biskit, cike da takardu ɗaure da zare. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba.

"Ban san wacce ce ba," ta ce, "mu kai musu duka. Malam bai taɓa yar da takarda ba, ni ma ban yar ba."

Ran na uku ma'aikacin ya baje su a tebur. Ga rasit ɗin sayen keken da lambarsa, ga fatantin kowace shekara har zuwa rasuwar mai shi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a fito da keken. Ni kuwa sai da na biya tara, don na yi aiki da shi ban sanar ba.

Muna fitowa ta ce, "Ɗana, mamaci ya yi maka shaida, kai da kake raye ka kasa yi wa kanka."

Maganar nan ta fi tarar zafi. A hanya na sayi littafi da alƙalami, kuma tun ranar ko allura na ara sai na rubuta. Na koyi cewa gaskiyar mai sana'a, in ba ta da takarda, shi kaɗai ya san ta.