Ranar da Toka Ta Ƙare wa Malam Gwadabe

Duk mai bin hanyar Panshekara da safe, lokacin da ma'aikatan Challawa ke tururuwar kama aiki, ya san keken Malam Gwadabe. Takarda a nannaɗe a baya, tef ɗin awo a aljihu, ga wani tsohon gwangwanin madara cike da toka yana reto a gaba. Mai zanen gidaje ne. Da can a ofishin zane na wata masana'anta a Bompai yake. Da injuna suka yi shiru aka sallami mutane, sai ya buɗe ɗan shago, ya koma zana wa 'yan uwansa ma'aikata inda za su sa haƙarƙarinsu.

Ba ya ɗaukar fensir sai ya gama sauraro. Wa ke aikin dare yana barcin rana? Wa ke daka? Akwai tsohuwa mai ciwon ƙafa? In ya gama da takarda, sai ya je filin ya sake zana gidan a ƙasa da toka, ɗaki ɗaki, daidai girmansa, don wanda bai iya karanta zane ba ya shiga da ƙafarsa ya gani. Irinmu da muka shiga aji da furfura mun san darajar wannan.

Bana ido ya yi rauni, Malam ya ajiye fensir. Cikin gidajen da ya zana, akwai ɗaya a Zawaciki da Muntari magini ba ya gajiya da ba da labarinsa.

Fili ne na gado tsakanin Asabe da ƙanenta Tijjani, ma'aikacin kamfanin fata. An raba, rabon Asabe ya zo siriri, gida ba zai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Tijjani ya ce a sayar. Asabe, mai tuyar waina, ga marayu a ɗakin haya, ta ce ba za ta bar ƙasar ubanta ba. Magana ta yi zafi har gaisuwa ta ɗauke, salla ta zo ta wuce ba wanda ya leƙa wani.

Malam Gwadabe ya saurari kowa shi kaɗai, sannan ya zana gida biyu masu jingine da juna: bango ɗaya a tsakiya, rufi ɗaya, kowa da ƙofarsa da tsakar gidansa. Madafi ya ba madafi baya. Ɗakin barcin Tijjani ya koma can gefe, nesa da turmin Asabe. Indararon kowa a gidansa zai zuba, kuma ba bayan gidan da ya fuskanci alƙibla.

Ranar zuba toka suka zo, kowa ya tsaya a ɓangarensa.

“Malam,” in ji Tijjani, “ni dai katangar tsakar gida nake so doguwa, wadda ko ƙadangare sai ya huta a hanya.”

“Malam, ku gaya masa ya ƙara bulo,” in ji Asabe, “kada tarinsa ya hana ni barci.”

Malam ya ɗauki gwangwaninsa. Ya sunkuya yana jan layin tsakiya, sai da ya kai gindin dalbejiyar da mahaifinsu ya shuka, ya ɗaga hannu, ya tsallake kamar faɗin ƙofa, ya ƙarasa. Ya girgiza gwangwani.

“Ayya, toka ta gaza. Wanda ke son a toshe nan, ya kawo daga murhunsa ya cike da hannunsa. Muntari, inda toka ta bi, nan za ka bi.”

Muntari ya rantse ranar ko rabin tokar gwangwanin ba a zubar ba.

Ranar haƙa harsashi, gurbin na nan yadda aka bar shi. Muntari ya dubi Tijjani. Tijjani ya sosa ƙeya.

“Ai Yaya ce babba. Ita ya kamata ta toshe.”

Rabon da a ji Yaya a bakinsa an manta. Asabe ta gyara mayafi.

“Ni da risho nake girki, ina na ga toka?”

Duk unguwar kuwa ta san tulin tokar da ke bayan tandarta. Leburori suka kwashe da dariya. Ta juya ta kalli ƙanenta, ba ta bi ta bakin kowa ba.

“Kai dai tun kana yaro ba ka son aiki.”

“Wa ya sangarta ni in ba ke ba?”

Muntari ya kafa ƙofa a wurin.

Malam Gwadabe, ku ne kuka ga cewa bangon da ke raba gida biyu shi ne kuma ke riƙe rufinsu. Ba ku yi wa kowa wa'azi ba, ba ku ce wane ne mai laifi ba. Wuri kawai kuka bari, kuka ja bakinku. Gwanin sauraro, uban ma'aikata, mun gode. Allah Ya ƙara wa ido haske, Ya gina muku a Aljanna wanda ya fi duk abin da kuka zana.

Masu zane na yanzu, da magina, da masu shiga tsakanin 'yan uwa, ku je ku gaishe shi tun yana iya ba ku labari. In kun bi ta Zawaciki kuma, ku nemi gidan mai dalbejiya a tsakiya. Da safe ta wannan ƙofa kwanon waina ke wucewa. Ƙyauren da aka sayo wa ƙofar har yau yana jingine a madafin Asabe, tana shanya barkono a kansa.