Goggo Mai Wanki da Kumbon Sama

Shekara ashirin da biyu Goggo ta yi tana wankin zannuwan gado a wani asibiti. Kowa Goggo yake ce mata, har babban likita. Gajeruwa ce, hannuwanta sun yi kanta saboda sabulu da ruwan zafi. Inji ke wankin, amma a saman bene ake shanya, don haka kullum da yamma sai ta hau kwashewa.

Mijin 'yarta mai gyaran waya ne. Ranar da ya canza mata gilashin wayarta da ya fashe, sai ya saka mata wata manhaja. Ya ce akwai wani kumbo da ke zagaya duniya da mutane a ciki, in zai gifta ta saman gari wayar za ta yi ƙara, ta nuna inda zai ɓullo.

"Mutane a ciki?" in ji Goggo. "To wa ke yi musu wanki?"

Ya yi dariya, ya ce wannan kam bai sani ba.

Bayan kwana huɗu, aiki ya riƙe ta har rana ta faɗi, tana ninke zani na ƙarshe, wayar ta yi ƙara. Ta bi kibiyar da ta fito mata, ta juya yamma. Sai ga wani haske kamar tauraro, ba ƙyaftawa, ba ƙara, yana tafiya a natse. Ta tsaya rungume da zanin har ya shige bayan tankin ruwa.

Washegari da ta kai zannuwa ɗakin masu karaya, ta ba su labari. A ɗakin akwai wani tsohon malamin lissafi da ya shafe wata biyu a kwance da karayar ƙugu. Ya daina cin abincin kirki, masu zuwa dubiya ma ya daina kula su.

"Jirgi kika gani, Goggo," in ji shi.

"Malam, na san jirgi. Jibi ƙarfe bakwai saura minti takwas zai dawo. In ka cinye abincinka, ni zan tura ka baranda."

Ya ci, don dai ya samu ya ƙaryata ta. Jibin kuwa hadari ya rufe sama ruf. Suka yi ta kallon gajimare, shi a keken marasa lafiya, ita a tsaye.

"Kumbon naki ya makara ne?"

"Yana nan, Malam. Mu ne ba mu gan shi ba."

Babbar nas ta same su a wurin, ta yi mata faɗa sosai kan fitar da majinyaci ba izini. Goggo ta sunkuyar da kai ta ba da haƙuri, sannan a nan take ta nemi izinin ranar Asabar.

Asabar sama ta yi garau. Malam ya riƙe agogonsa a hannu. Lokaci na cika hasken ya ɓullo ta bayan wurin ajiye motoci. Ya bi shi da ido har ya ɓace. Daga nan ya nemi takarda da biro, wai zai lissafa gudunsa. Babbar nas da ke tsaye a bayansu ita ta miƙa masa nata biron.

Tun daga ranar ake rubuta lokacin wucewar kumbon a gefen allon ɗakin. Duk wanda za a iya turawa sai a fitar da shi, wasu har da gadonsu. Goggo kan tashi aiki ƙarfe shida, amma a irin ranakun sai ta tsaya tura mutane, ta bi motar da ta samu daga baya. Malam ya ƙara sati biyar, aka sallame shi yana dogara sanda.

Bara ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki. Kafin ta tafi sai da ta sa nas huɗu suka saka manhajar, ta koya musu yadda ake juya wayar.

"Ku riƙa farawa da wuri," ta ce musu. "Tura gado yana cin lokaci."