Tsagar Baba da Na Goge

Shekarar da na koyi gyaran hoto da waya, ni na fara shan wuya a hannun kaina. Wani abokin aikina a firamaren da nake koyarwa a Jega ne ya nuna mini manhajar, irin ta ƙirƙirarriyar basirar nan da za ka ba ta hoto, ka rubuta mata abin da kake so, ta yi maka kafin ka haɗiye yawu. Kafin mako ya zagayo na rage wa kaina tumbi, na cike sanƙon da ya fara cin gaban kaina, na jingina kaina da wata baƙar mota wadda albashina na shekara goma ba zai sayi tayoyinta ba. Na nuna wa mai ɗakina ina jiran yabo. Ta duba, ta ce idan na haɗu da wannan bawan Allah in gaishe shi, da ganinsa shi yana kawo cefane a kan lokaci.

Wannan bai sa na shiga taitayina ba. Na zama gwani a ɗakin malamai. Mai son a sa masa hula, mai son a cire wani daga hoton biki, duk wurina suke zuwa, ni kuma ina karɓar waya da yatsu biyu kamar likita. Har na fara cewa "aikina" idan ina maganar abin da na'ura ta yi.

A cikin wannan giggiwar tawa ne idon Inna ya tsananta. Inna mahaifiyata ce, tana zaune a gidanmu na gado a Aliero tare da iyalin ƙanena. Idonta na hagu ya daɗe da tafiya. Na daman ne ya rage, shi ma likita ya ce hawan jinin ido ne, magani zai iya rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Ya faɗa mini wannan a gefe, ya ce abin da take gani bana ba lallai ta gan shi baɗi ba, mai yiwuwa ma kafin nan. Inna ba ta ji shi ba, amma ta sani. Ta daina tsintar tsakuwa a shinkafa, ta koma gane jikokinta da murya.

Wata Asabar na je gaishe ta, sai ta sa aka ɗauko mata kwallar da take ajiye zannuwanta. Ta laluba ƙasa ta fito da hoton Baba. Shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Wani mai hoto ne ya ɗauke shi a kasuwar albasa tun ina goye, Baba na tsugune kusa da buhuna, da 'yar shara a jikinsa da hula ta koma ƙeya. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Hoton ya yi ja-ja, laima ta ci gefe guda, ga layin ninki ya ratsa tsakiyarsa. Inna ta kai shi dab da idonta, ta juya shi wajen haske, ta ce yanzu buhunan kawai take iya rabewa, fuskar ta zame mata hazo. Ba ta roƙe ni komai ba. Ni ne bakina ya riga hankalina, na ce ai wannan ƙaramin aiki ne a wurina, ta ba ni kwana uku zan kawo mata Baba kamar jiya aka ɗauke shi.

Ta miƙo mini shi da hannu biyu, ta ce in riƙe shi da kyau.

Na koma Jega, na shimfiɗa hoton a kan tebur, na ɗauke shi da waya. Na rubuta wa manhajar ta share duk wani karce da tabo, ta fito da fuskar fes, ta sa launi. Abin da ya fito ya sa na miƙe tsaye. Ga mutum nan sarai, ido biyu suna kallona, fata sumul. Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma sai na ga ai bai dace mahaifin malami guda ya tabbata a tsugune cikin albasa ba. Na sa aka kwashe buhunan. Na sa aka ɗaga shi aka zaunar a kan kujera mai hannu. 'Yar sharar ta koma babbar riga ruwan ƙasa mai aiki har ciki, hular ta dawo gaba ta zauna daram. Na ƙara masa agogo, mutumin da duk rayuwarsa da inuwar katanga yake gane la'asar. Ina yi ina jin ni ɗa ne mai albarka, wanda ya yi wa ubansa suturar da bai samu yi masa ba yana raye.

Na tura wa yayata da ke aure a Andarai, can ƙasar Maiyama. Ta aiko saƙon murya tana tambaya, "Wanga Alhajin fa, na wace unguwa na?" Na yi dariya, na ɗauka yabo ne. Na kai wa mai wankin hoto a Sabon Gari ya buga mini babba, aka sa a firam mai ruwan zinari. Na ɗaure shi a bayan babur da tsumma kada gilashin ya fashe, na kama hanyar Aliero ina jin kamar a buga mini tambari.

Da hantsi na isa. Na sa aka shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakar gida inda rana ta fi haske, na ɗora mata firam ɗin a cinya. Ta sunkuya a kansa. Ta daɗe tana bin sa da ido daga hula har ƙafa, ta yaba rigar, ta ce aikin wuyan ya yi kyau. Sannan ta ɗago ta tambaye ni ko wane ne. Na ce Baba ne mana. Ta sake sunkuyawa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ina tsagarshi?" in ji ta.

Na duba kumatun, babu ko layi ɗaya. Baba Bakabe ne, da tsagar gadonsa a kumatu biyu, layi-layi daga gefen baki zuwa wajen kunne. Duk wanda ya san shi da ita ya san shi. A tsohon hoton ta dusashe ta haɗe da sauran karce, na'ura ta ɗauke ta lalacewar takarda ta share, ni kuma da aka haife ni a gidansa na kwana uku ina kallon fuskar nan ina zaɓa mata launin riga, ban ga abin da ya ɓace ba. Inna ta ce a hankali, ba da faɗa ba, wannan mutumin kirki ne da gani, amma ita ba ta taɓa zama da shi ba.

Na yi borin kunya, na ce ai gwaji ne wannan, na gaskiyar yana nan tafe. Na ce mayar da tsaga aikin minti biyar ne. Ta ce to, Allah ya taimaka. Tana zaune a gabana, tambaya ɗaya ta ishe ni, amma ban yi ta ba. Ta yaya zan buɗe baki in tambayi uwata layi nawa ne a fuskar ubana?

Gaskiyar ita ce ban sani ba. Shekara talatin da wani abu na yi tare da shi, ban taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. Mu haka aka tashe mu, uba na magana kanka na ƙasa. Na san faso nawa ne a dugadugansa, na san yatsan ƙafarsa da fartanya ta taɓa cire wa farce, na san yadda yake murza ƙasa da babban yatsa idan ransa ya ɓaci. Fuskar kuwa sai dai a sace ta a kaikaice, idan yana alwala ko yana duba albasa a cikin rudu, rumfar karan da ake adana ta. Na kira yayata a asirce na tambaye ta. Ta ce ita ma abin da ta sani kawai suna da yawa. Ta ce in tambayi Inna mana. Na ce kada ta damu, zan gano da kaina.

Sai na shiga wani aikin da ko yanzu idan na tuna kunya take kama ni. Na rubuta wa manhajar ta sa masa tsagar Kabawa. Ta ba ni layi uku-uku a kwance kamar gashin bakin kyanwa. Na sake bayani, ta ba ni wani abu kamar an yi masa rauni da kwalba. Na sake, ta zana masa fenti fari irin na 'yan wasa. Duk yadda na juya maganar, ita tana jiran in faɗa mata nawa ne, daga ina zuwa ina, ni kuma abin da ba ni da shi ke nan. Na kai tsohon hoton ƙarƙashin madubin ƙara girma na ɗakin kimiyya, na ƙirga shida a wani kumatun, gobe na ƙirga takwas, jibi na rasa wanne ne tsaga wanne ne ninki.

Ranar kasuwar Jega na fita farautar fuska. Masu tsaga sun yi ƙaranci, sai tsofaffi, don mu tsaranmu ba a yi mana ba. Na samu wani dattijo mai sayar da igiya, na tsaya ina taya igiyar da ba na buƙata, idona na kan kumatunsa, leɓena na motsi. Na kai biyar ya juya, na rasa lissafi, na sake farawa. Ya ajiye igiyar ya ce, "Yaro, lahiya dai? Ko na yi maka kama da wanda yac ci maka amana?" Na sayi igiya biyu na bar wurin. Har yau suna rataye a zaurena.

Haka na cinye mako shida. Kowace Asabar sai in aika a gaya wa Inna aiki ya yi mini yawa a makaranta. Ƙanena ya kira sau biyu ya ce tana tambayar hotonta. A kira na biyu ya ƙara da cewa yanzu sai an riƙe mata hannu zuwa bayan gida. Na ji maganar, ta soke ni, amma na ce wa kaina saura kaɗan in gama. Na fi jin tsoron ta gane ban san fuskar mijinta ba a kan abin da likita ya faɗa mini, kuma wannan ba zan taɓa yafe wa kaina shi ba.

A ƙarshe na haƙura da bakwai-bakwai, don ya yi kyau a ido kuma ya daidaita. Na mayar masa da 'yar shararsa da buhunansa, na cire agogon, na sake bugawa. Wannan karon ban ji tambarin kowa a hanya ba.

Na same ta a ɗaki. Ta gane ni da sallama. Na fito da ita tsakar gida, na ɗora mata firam ɗin kamar wancan karon, na mayar mata da tsohon hoton a hannu. Ta kai sabon dab da fuska, ta matsar da shi, ta karkata kai ta ɓangaren idon dama. Ta shafa gilashin da tafin hannu. Sannan ta tambaye ni nawa na sa. Na ce bakwai a kowane gefe.

Ta ajiye firam ɗin a kan tabarma ta ce in matso. Na matsa. Ta ce in ƙara. Na durƙusa a gabanta, ni da furfurata a gemu, ta laluba ta kama haɓata da hannun hagu. Ta ɗora ɗan yatsanta a gefen bakina na dama ta ja shi a hankali har kusa da kunne, ta ce ɗaya. Ta dawo ta sake ja a ƙasansa kaɗan, ta ce biyu. Haka ta yi ta yi har goma. Ta juya fuskata ta yi tara a hagu. A na huɗun hagu yatsanta ya karkace ya yi ƙasa, na ɗauka kuskure ne, sai ta ce haka yake, uwarsa ta gaya mata ya zabura a hannun wanzami ranar suna, askar ta goce. Ta ce idan ya yi dariya nan ne yake fara lotsawa. Ban taɓa sanin wannan ba. Duk abin bai ɗauke ta minti biyu ba.

Na ce mata yanzu na gane, zan gyara shi yau ɗin nan in kawo mata gobe da safe.

"Kak ka wahal da kanka, ɗana," in ji ta. "Ko ka kawo, ba ni ganinai. Ka gyara ka aje ma ɗiyanka."

Ta sa tsohon hoton a cikin zanenta, ta nemi a mayar da ita ɗaki. Na ɗaure firam ɗin a bayan babur na kamo hanyar Jega, ina tafe ina maimaitawa a baki kada ya kuɓuce mini: goma a dama, tara a hagu, na huɗu ya karkace.