Hannun Gwaggo Tela

Shagonmu ɗaya da Gwaggo Tela, keken ɗinkina yana kallon nata. Ba ta taɓa haihuwa ba. 'Ya'yan ƙaninta marigayi ta raina da allura da zare, har suka zama mutane.

Da ciwon daji ya kama ta a mama, likita ya cire maman, ya haɗa da 'yan ƙwayoyin nan na hammata da ke kumbura idan an yi kaluluwa. Ashe matatar jiki ce! Wani farin ruwa ne ke tsattsafowa daga jini ya jiƙa tsoka, sai siraran hanyoyi su kwashe shi, ƙwayoyin su tace ƙazanta, ya koma jini. Da aka cire su, ruwan ya rasa hanya, hannun dama ya cika tim kamar matashin kai.

Likita ya ce mata, “Jini yana da zuciya mai tura shi, wannan ruwan kuwa sai an motsa shi. A riƙa shafa miki hannun kullum, daga yatsu zuwa kafaɗa, a naɗe shi. In aka bari zai sandare.”

Shafa kawai fa! Babbar cikin yaran ta ce ita tana da ƙyanƙyami. Auta, wanda ya yi wayo a kan wannan hannun, ya ce, “Haba Gwaggo, ki yi da ɗayan mana.” Ni nake yi mata in na zo shago, to amma ni ma bayana ya ƙi, sai in yi mako ina kwance. Na taɓa tarar da ita tana murza kwalba a jikin bango da damtsenta. Wallahi ranar na zagi yaran nan har muryata ta dishe.

Almakashi ya fara faɗuwa daga yatsunta. Duk da haka ita ta ɗinka kayan auren Auta, tana yi tana cije leɓe. Ranar bikin ya zo ya kama kafaɗarta, karon farko tun aikin da likita ya yi mata. Na ga fuskarta ta washe. Ashe matsar da ita yake yi, za a ɗauki hoto.

“Gwaggo, tsaya can ƙarshe, ki ɗan karkace.”

Hoton yana nan rataye a falonsa. Kowa ya fito cif cikin ɗinkinta, ita kuma tana gefe tana murmushi, an datse ta daga kafaɗa.