Barbarci a Motar Michika

Shirun da motar ta yi ne ya fara gaya mini akwai matsala. Mun baro Mubi za mu Michika, kakata ta kira tana tambaya ko na taho mata da maganin ƙafa. Na amsa mata da Barbarci, yaren Barebari, don shi take ji. Ina kashe waya, matar da ke gefena ta janye ɗanta daga jikina. Idon kowa ya koma kan hijabina da jakar da ke cinyata. Lokacin ba a daɗe da dawowa daga gudun hijira ba, ana tsoron 'yan mata masu ɗaura bam, ana kuma zargin duk mai Barbarci da alaƙa da mutanen daji masu tayar da ƙayar baya.

A shingen 'yan sa-kai direba ya yi wa ɗayansu raɗa. Aka sauke ni, ni kaɗai. Suka zazzage jakar a ƙasa: magani, sabulu, zani biyu. Katin shaidata na manta shi a gida, a unguwar Yelwa.

"In bai gamsar da mu ba, a miƙa shi gaba," in ji wani mai bindigar toka a cikinsu. Ni yake nufi. A Mubi ana ce wa mace "kai", ba wanda ya taɓa shiga uku a kan haka. Na kuma san waɗanda aka miƙa gaba wajen sojoji, ba duka suka dawo ba.

Na ce na gama sakandare.

"Ka yi boko? To yi Turanci mu ji."

Hikimarsu ke nan: mutanen daji sun tsani boko, saboda haka mai Turanci ba nasu ba ne. Na buɗe baki, kaina fayau. Abin da ya zo mini kawai jerin kalmomin aikatau na Turancin nan ne masu taurin kai, waɗanda ba sa bin dokar 'yan'uwansu, da malaminmu ya sa muka haddace da bulala. Na riƙa jero su uku-uku da muryar aji. Ba jimla ko ɗaya a ciki. Suna ta gyaɗa kai. A nan na gane babu mai jin Turanci a cikinsu.

Har yau abin na ci mini rai. Harshen da ake rubuta harafi a hana shi fita, wanda yake kafa doka da safe ya karya ta kafin azahar, shi aka yarda ya tsaya mini shaida. Na kakata, da take yi mini addu'a da shi, ya zama abin tuhuma.

Wani dattijo da ke zaune kan benci ya ɗaga hannu. "Ya isa, 'yata. Amma ki daina wancan yaren a mota."

"Baba, da wanne zan yi wa kakata magana?"

Daga wani ƙauye ana kiran la'asar.

"Kwashe kayanki," ya ce. "Ba mai taɓa ki."