Gaisuwar Ƙarfe

Ina da kwana ashirin cikin takaba na fara faɗa da akwatin sabis.

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Rogo da Karaye, a cikin kwari. Waya ba ta aiki a ɗakunanmu. Duk mai son magana sai ya taka zuwa tudun bakin titi, inda 'yan acaba suke tsayawa, ya ɗaga waya sama yana juyi kamar mai duban wata. Shekara biyu kafin rasuwarsa, mijina, wanda nake kira Malam, ya gaji da wannan hawa da sauka, ya dawo daga Kano da wani kwali. A ciki akwai ɗan akwati mai fitila biyu, da doguwar kebul, da eriya biyu. Babbar, mai haƙarƙari, aka ɗora ta a kan dogon fayif kusa da rumbu, ita ke kamo sabis daga nesa. Akwatin ya ƙara masa ƙarfi, ƙaramar da aka liƙa a bangon ɗakin Malam ta watsa shi a ciki. Wanda ya ɗaura ya ce sunan abin busta. Ni dai akwati nake ce masa.

Malam yana gaya wa mutane don cinikin gyaɗa ya saya. Ba gaskiya ba ne. Don 'yarmu ta fari ya saya, wadda aure ya kai Fatakwal.

A nan sai na tona wa kaina asiri. Ni tashin Yammedi ce, a gidan da ake kunyar ɗan fari da gaske. Ban taɓa kiran sunan yarinyar ba. Idan tana kusa "ke" ce, idan ba ta nan "yarinyar nan". Kakarta ce ta goya ta, ita ce ta yi mata kitso. Na yi shekara da shekaru ina koyarwa a firamare, na kira sunayen 'ya'yan mutane a rajista har murya ta dushe, amma in na zo kan mai irin sunanta sai in ɗaga kai in dube ta kawai, in yi maki. Ko lambarta babu a wayata.

Malam kuwa ba ruwansa da wannan. Duk Juma'a bayan ya dawo daga masallaci zai shige ɗaki ya kira ta, su yi ta hira har da ƙyaƙyata dariya. Ni kuma ina tsakar gida ina wani tankaɗen da ba ya ƙarewa, kunnena yana bakin ƙofarsa. In sun gama ya leƙo ya ce, "Ga innarki." In ce, "A gaishe ta, hannuna da gari." Ta haka nake sanin ta yi zazzaɓi, ta haka na san tana da ciki.

Da damina ya rasu, bayan jinyar kwana uku. Cikinta wata bakwai a lokacin, likita ya hana ta doguwar tafiya, ba ta zo ta'aziyya ba. Goyon ciki da aka shirya za ta zo gida ta yi, shi ma ya rushe. Ni kuma takaba ta zaunar da ni wata huɗu da kwana goma, ba ƙofar gida, balle tudun bakin titi. A cikin kwanakin zaman makoki sabis ya ɗauke daga gidan, ba wanda ya lura sai da baƙi suka watse.

Saƙo ya koma hannun ƙanin Malam, wanda gidansa yake jikin namu. Shi ne zai hau tudu ya yi magana da mijinta, ya dawo ya tsaya bayan labulena ya ce, "Yaya, sun ce kowa lafiya." Wane irin lafiya? Ƙafa ta kumbura? Tana cin abinci? Wa ke tare da ita? Bai tambaya ba, ni kuma ba zan iya sa shi ya tambaya ba. Sau ɗaya ya kawo mini muryarta a wayarsa. Ta gaishe ni, ta yi mini gaisuwar rashi kamar baƙuwa, sannan a ƙarshe ta ce, "Inna, tsoro nake ji." Yana tsaye yana jira in mayar da amsa. Na ce a cikin wayar, "Allah ya raba lafiya." Na miƙa masa abarsa ta ƙarƙashin labule.

Wannan amsa ta hana ni sakat. In na tayar da salla ita ce, in na ɗauki cokali ita ce. Na san malamai sun ce mai takaba tana iya fita in lalura ta kama. To, in je in tsaya a tsakiyar 'yan acaba in ce da ita me? Abin da ban iya faɗa a ɗaki ba? Na ƙudura a raina cewa kafin ta haihu sai ta ji muryata, ni da ita ba ɗan aike, kuma daga cikin gidan nan.

Sai na koma kan akwati. Wuta na fara dubawa, don sola muke amfani da ita. Batir lafiya lau, fitilar farko kore shar. Ta biyun ce ta mutu. Na cire kebul, na hura bakinsa kamar yadda ake hura wuta, na goge da bakin zane, na mayar. Na kashe, na ƙirga goma, na kunna. Na bi kebul ɗin da yatsa tun daga akwati har inda ya fita ta taga, ko ɓera ya ci. Ɓera bai ci ba. Na ɗan buga wa akwatin tafin hannu, irin wanda nake yi wa rediyo. Bai ji ba.

Daga nan na yi wauta. Ɗakin Malam ba na iya zama a cikinsa, hularsa tana nan a rataye, ƙamshin turarensa bai fita ba. Sai na ce bari in kwaso kayan gaba ɗaya in dawo da su ɗakina. Na ɓamɓare ƙaramar eriya, na ja kebul, na rataye ta a tagata, wadda take kallon rumbu. Ina kunnawa fitila ta biyu ta kama. Har na yi hamdala. Sai na ga ja ce, tana ƙiftawa ba tsayawa, akwatin kuma ya ɗau zafi. Waya ko sandar sabis ɗaya ba ta nuna ba.

Kwana uku ina kallon jar fitilar nan tana yi mini ƙifce. Rana ta huɗu na buɗe akwatin ƙarfen da Malam yake ajiye takardu, na tono 'yar takardar da ta zo cikin kwalin. Turanci ne ƙanana ƙanana, na sa tabarau na bi shi layi layi kamar mai gyaran jarrabawa. Ashe eriyoyin nan biyu surukai ne, ba sa haɗa ido. In ta ciki ta hango ta waje, sai su yi ta jin muryar juna, akwatin ya rikice ya rufe kansa. Dole a sa bango da tazara a tsakaninsu. Wato wurin da Malam ya sa ta tun farko, nan ne wurinta. Na kwashe na mayar, ina ta mita ni kaɗai. Jar fitila ta mutu, muka koma gidan jiya.

Takardar ta ce kuma babbar eriya sai ta fuskanci ƙarfen sabis sosai. Na faɗa wa ƙanin Malam ta bayan labule. Ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, Yaya, me ya sa ba ki faɗa tuntuni ba?" Ya yi sallama ya shigo, ya kama fayif ɗin da hannu biyu ya murɗa, ya ja da baya ya duba, ya ƙara murɗawa kaɗan.

Na leƙa na ce, "Ina ka nufa da ita?"

Ya ce, "Gabas mana."

Na ce, "Ƙarfen sabis ɗin a gabas yake?"

Ya ce, "Yaya, akwai alherin da ba daga gabas yake zuwa ba?"

Mutumin kirki ne, shi ya tsaya a kan gonar Malam har aka cire gyaɗa. Amma a ranar, da ɗan ajina ne, da ya sha tsallen kwaɗo. Eriya ta kalli alƙibla ɗoɗar, sai ka ce liman zai ba ta salla, waya kuwa shiru. Na tambaye shi ina ƙarfen yake. Ya ce wasu sun ce na Rogo muke kamawa, wasu sun ce na hanyar Karaye. Wanda ya ɗaura kuma ya koma Kano, lambarsa ba ta shiga.

Sai na shiga murɗawa da kaina. Fayif ɗin a cikin wani babban fayif yake zaune, wanda aka kafa da siminti, yana juyawa in an sa ƙarfi. Aikin mutum biyu ne, ɗaya yana juyawa ɗaya yana kallon waya a ɗaki, ni kuwa ni kaɗai ce. In murɗa kaɗan, in ruga ɗakin Malam in duba, in dawo in ƙara. Gyaɗa tana shanye a tsakar gida, na yi mata hanya a tsakiya da sawuna. Wata rana sanda ɗaya ta fito, kafin in miƙa hannu ta ɓace. Na zagi akwatin, na zagi wanda ya ƙera shi, na dawo na yi istigfari. Maƙwabciyata da take kawo mini fura ta ce, "Malama, mai takaba zama take yi." Na ce mata na ji.

Ranar wata Talata, ana idar da azahar, ƙanin Malam ya zo bakin labule yana haki. Ya ce an kai yarinyar nan asibiti tun safe, naƙuda ce, amma abin ya ɗan ja. Ya ce zai koma tudu ya tsaya, duk abin da ya ji zai zo ya faɗa mini. Ya fita.

Na tashi na zauna, na sake tashi. Na ɗauki mayafi har na kai zaure, na tsaya ina jin ƙarar babura daga titi, na dawo. Na je gindin fayif na kama shi. A daidai mahaɗar ƙarafan biyu akwai wani guntun igiya da ya daɗe yana cin hannuna duk lokacin da na zo murɗawa. Igiyar rumfar zaman makoki ce. A jikin fayif ɗin aka ɗaure rumfar, ita ta ja shi ya juya, da aka zo kwancewa aka yanke aka bar ƙullin. Haushi ya sa na ɗauko wuƙa na datse shi.

A ƙarƙashin igiyar akwai zane. An sa ƙusa an ja layi a jikin babban fayif, an ja wani a jikin ƙaramin. Na sama yana can gefe, ya yi nisa da ɗan'uwansa. Sama da su kaɗan ƙarfen ya yi sumul yana ƙyalli, faɗin tafin hannu.

Sai na tuna. Kullum in Malam ya dawo daga la'asar, kafin ya shiga ɗaki sai ya ratse wajen rumbu ya dafa fayif ɗin nan, ya ɗan sunkuya, sannan ya wuce. Shekara biyu ina yi masa tsiya. In ce, "An gaida ƙarfe? Ya kwanan iyalinsa?" Ya yi murmushi ya ce, "Yana amsawa." Ashe iska ce take juya shi kaɗan kaɗan, shi kuma yana mayar da layi kan layi. Bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Na ɗora hannuna a inda nasa ya goge, na murɗa a hankali har zanen sama ya hau kan na ƙasa. Ban ruga ba wannan karon. Da na shiga ɗakin, fitila biyu kore. Na zauna a bakin gadonsa, wurin da yake zama ranar Juma'a.

Wayata ba lambarta. Na buɗe akwatin takardu na ɗauko wayar Malam, na jona ta a wuta, na jira ta farfaɗo. Sanda uku. Sunanta ne na farko a jerin waɗanda ya kira, an rubuta shi cikakke. Na danna.

Ta yi ƙara sau huɗu. Na ji an ɗauka, na ji hayaniyar asibiti, da numfashi mai nauyi. Ban yi tunanin abin da zai fito a fuskar wayarta ba sai da ta yi magana. Da wata 'yar ƙaramar murya, irin ta lokacin da take bin sa gona, ta ce, "Baba?"

Na buɗe baki in ce "ke", kamar kullum. Ban ce ba. Na kira ta da sunanta, na sake kira, na ce, "Ni ce, innarki. Ina nan, ba zan kashe ba."

Sai ta ce, "Inna, sake faɗa."