Jar Igiyar Gwaggo

A bayan ƙofar ɗakin Gwaggo akwai wata ƙusa da ta fi duk ƙusoshin gidan shan wahala. Igiyoyin wuya ne rataye a jikinta, irin masu katin shaida da ake rabawa a manyan taruka, sun yi yawa har ƙofar ba ta buɗewa duka. Kuma kaf ɗinsu shuɗaye ne.

Gwaggo yayar babana ce. Ita ce shugabar ɗakin na'urori na wata jami'a, wato ɗakin da intanet ɗin makarantar gaba ɗaya yake fitowa daga cikinsa. Ni dai boko bai karɓe ni ba, ni ma ban yi masa naci ba, gyaran waya nake yi a bakin titi. Amma na taɓa shiga ɗakin nan, kuma har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Sanyi kamar cikin firji. Akwatunan ƙarfe sun fi ni tsayi, ƙananan fitilu suna ta ƙifta ido, wayoyi a jere a ɗaure tsaf kamar sabon kitso. Gwaggo ta shiga, ta ɗan karkata kai tana saurare, ta nuna wani akwati ta ce wa mataimakinta, wanda kowa ke kira Dogo, "Wancan ba shi da lafiya, duba masa fanka." Aka duba, haka ne. Na ce, "Gwaggo, anya ba aljanu gare ki ba?" Ta ce, "Cire hannunka daga jikin wayar nan, sarkin yawo."

Duk shekara masana harkar kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta suna haɗuwa a wani gari, kowa ya faɗi abin da ya gano. Daga can igiyoyin nan suka fito. Wanda ya je saurare, shuɗiya ake ba shi. Wanda alƙalan taro suka karɓi maƙalarsa, zai hau dandamali ya yi bayani, shi ake rataya wa ja. Gwaggo ta yi ta aika maƙala tun gashinta yana baƙi, ana dawo mata da ita da ladabi. Ta gyara, ta sake aikawa, ta je ta zauna cikin masu saurare, ta dawo ta ƙara wa ƙusa nauyi.

Mijinta, Baba Tela, ba ya barin ta ta huta.

"Injiniya, bana ma shuɗiyar ce? In ja kike so ai ina da ƙyalle, kafin ki wanke ƙafa na ɗinka miki."

"Ɗinka wa kanka, maigida. Ka gama wandon mutane tukuna."

Abin da take ta fama a kai shi ne hanyar sadarwa mai jinyar kanta. Idan waya ta tsinke ko na'ura ta mutu, saƙonni su nemi wata hanya da kansu, tun kafin ɗalibin da ke karatu ya lura. Wasu sun yi irinsa, amma da sababbin na'urori 'yan gida ɗaya. Nata kuwa tsofaffi ne, kowace da inda ta fito, ba mai jin yaren wata. Shekaru ta yi tana sasanta su kamar mai rabon faɗa.

Sai a shekarar da za ta yi ritaya aka karɓa. Damar farko, kuma ta ƙarshe.

To, masu hawa dandamalin nan suna da wata dabara. Duk wanda zai nuna aikinsa kai tsaye, sai ya ɗauki bidiyonsa tun daga gida ya ajiye, saboda tsaro. In abu ya ƙi, ya kunna bidiyo, a tafa, a wuce. Gwaggo ta ce ita sam.

Dogo ya bi ta har bakin mota. "Ranki ya daɗe, ko ɗan gajere ne mu ɗauka. Ba sai kin nuna ba."

"In yana aljihuna zan nuna. Shekara da shekaru suna rubuto min cewa ba su yarda zai yi aiki a gaske ba. Sai in kai musu fim?"

Ni ban je ba, wa zai kai ni? Amma bidiyon zaman yana nan a shafin da suke ajiye tarukan baya, na kalle shi har batirina ya san shi. Abin da kyamara ba ta kama ba, Baba Tela ya cike min, don ya raka ta, an ma rataya masa shuɗiya yana ta taƙama.

Zauren ya cika maƙil. Manyan farfesoshi, masu furfura da masu sanƙo, mutanen da aka ce su suka koya wa duniya yadda ake kula da intanet. Tun safe intanet ɗin zauren yake jan ƙafa. Da talakawa irina ne a ciki, da mun yi tsaki mun haƙura. Su kuwa masana ne, kowa ya san magani. Wannan ya kunna na wayarsa ya ba kwamfutarsa, wancan ya ciro ƙaramar na'urar aljihu mai ba da intanet ya kunna. Kafin a ankara iskar zauren ta cushe, kamar mutane ɗari suna ihu lokaci guda a ɗaki ɗaya, ba mai jin wani. Kowa ya gyara nasa, suka taru suka kashe na kowa.

A haka aka kira Gwaggo. Ta hau da jar igiyarta a wuya, ta yi bayani a natse, sannan ta danna don taswirar hanyar sadarwar jami'arta ta fito a babban allo. Ba abin da ya fito sai ɗan zoben nan mai juyawa. Aka miƙo mata wayar intanet daga bango, bakin bai dace da kwamfutarta ba. Shugaban zaman, wani dattijo mai tabarau a ƙarshen hanci, ya ɗaga mata katin da ke nuna lokaci ya fara ƙurewa. Ya sunkuyo ya ce, "Kunna bidiyonki mana."

"Ba ni da shi."

Baba Tela ya ce a nan ne ya fara neman ƙofar fita da ido.

Gwaggo ta karkata kai. Wallahi irin karkatawar nan ta ɗakin na'urori. Sai ta buɗe jerin sunayen intanet ɗin da kwamfutarta ke gani, ya fito a babban allo. Ta ja ƙasa, ta ja, ta ja, jerin ya ƙi ƙarewa. Wani daga baya ya fashe da dariya, don ya gane. Ta sa hannu a jaka, ta ciro tata na'urar aljihun, ta ɗaga sama.

"Wannan tawa ce. Ni ma na yi dabara da safe." Ta kashe ta a gabansu. "Ku ara min iska na ɗan lokaci, zan dawo muku da ita."

Abin da ya biyo baya shi nake mayarwa baya ina sake kallo. Dattijon nan ya laluba aljihu ya ciro tasa, yana sosa ƙeya. Sai hannaye suka fara motsi layi-layi. A kan allo sunayen suka dinga ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kashe fitilun unguwa gida-gida. Ba tari, ba motsin kujera. Jerin ya yi ta raguwa har ya rage na zauren kaɗai. Sai ga taswira ta bayyana, ɗigo-ɗigo kore, layuka suna gudana tsakaninsu kamar jini a jijiya.

Ta kira Dogo a waya can jami'a, ta kara a makirufo.

"Dogo, babbar wayar ɗakin karatu. Cire ta."

"Ranki ya daɗe, ɗakin karatu a cike yake fa yanzu."

"Shi ya sa. Cire."

Aka ji ƙas. Ɗigo ɗaya ya koma ja. Layukan suka tsaya cak, kamar tururuwa ta iske an share mata hanya. Sannan suka lanƙwasa, suka bi ta ginin kimiyya, suka zagaya ta ofishin rajista, suka isa. Kafin mutum ya haɗiye yawu ɗigon ya koma kore.

Ta ce, "Dogo, buɗe ƙofa ka leƙa. Akwai wanda ya zo ƙorafi?"

Zauren duka ya kasa kunne yana sauraren wani baranda da ke can wata duniya. Aka ji ƙarar ƙofa, aka ji iska.

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

Katin lokaci yana kan cinyar dattijon, ya manta da shi. Shi ya fara miƙewa, sauran suka bi. Cikin tafin nan, in ka kasa kunne sosai, za ka ji wata murya tana ihu, "Matata ce! Matata ce!" Baba Tela ya rantse ba shi ba ne.

Da suka dawo na je musamman in ga ja a jikin ƙusa. Babu. Na duba, na sake dubawa, shuɗayen ne dai. Sai ranar da ta yi sallama da aiki na gan ta. A bakin ɗakin na'urori Gwaggo ta ciro jar igiyar daga jaka, ta zare katin sunanta, ta ɗaura makullin ɗakin a jiki, ta rataya wa Dogo a wuya. Sai da ya rusuna sosai kafin hannunta ya kai.

Baba Tela ya riƙe baki. "Injiniya! Abin da muka yi ta jira tun ina da haƙora duka, shi za ki bayar a ɗaure makulli?"

"Na sa, an gani. Shi kuma kullum cikin neman makulli yake." Ta juya ga Dogo. "Ka tura musu taka maƙalar bana. Za su dawo da ita. Ka sake turawa."

Daga nan ta ɗan karkata kai wajen ƙofar, ta saurara, ta ce akwatin ƙarshe yana so a duba masa fanka.